Labarin Abdurrahmani ɗan Almami Ibrahima, Yariman da Ya Shekara 40 a Bauta

Godiya ta tabbata ga Allah mai ɗaukakawa mai ƙasƙantarwa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga labarin wani ɗan sarki kuma almajiri, wanda ba don takardun kotu da na rabon gado ba, da tuni sunansa ya bi ruwa.

Sunansa Abdurrahmani, ɗan Almami Ibrahima Sori, sarkin Fulanin Futa Jalo, a ƙasar da ake kira Gini yanzu. An haife shi wajen shekarar 1762, ya tashi a birnin Timbo. Bisa ga bayanin da ya bayar da bakinsa, ya je neman ilmi har Tambutu, ya iya karatu da rubutun Larabci, sa'an nan ya komo gida ya zama shugaban yaƙi. Cikin 1788 ya fita da mayaƙa, suna kan hanyar komowa abokan gaba suka yi musu kwanto, suka kama shi. Aka yi ta cinikinsa hannu da hannu har bakin kogin Gambiya, aka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da sauran bayi, aka haye teku da shi zuwa tsibirin Dominika, daga nan sai Niyu Olins, daga nan sai garin Nacez a bakin kogin Misisipi. Lokacin nan yana da shekara 26.

To, a nan ya shiga takarda ta farko. Nacez a zamanin tana hannun Sifaniyawa, kuma al'adarsu ce su rubuta kowane ciniki a littafin hukuma. An rubuta cewa cikin watan Agusta na 1788 wani manomi mai suna Tomas Fosta ya sayi bayi biyu a kan dala 930. Da Abdurrahmani ya shaida masa cewa shi ɗan sarki ne, sai Fosta ya mai da abin ba'a, ya laƙaba masa suna mai ma'anar Yarima. Da wannan suna ya shiga takardu, kuma da shi aka gane sawunsa daga baya.

Ya taɓa gudu ya shiga daji, amma da ya ga babu hanyar gida, sai ya komo ya rungumi ƙaddara. Ya yi noman auduga har ya zama kamar sarkin gandu a gonar ubangidansa. Ya auri wata baiwa mai suna Isabela, suka haifi 'ya'ya 9, maza 5 mata 4, dukansu bayi ne tun daga ciki.

Ana nan, cikin 1807, ya kai kayan lambu kasuwa, sai ya haɗu da wani likita Bature mai suna Koks. Ashe likitan nan ya taɓa ɓacewa a ƙasar Futa yana fama da ciwo, mahaifin Abdurrahmani ya sauke shi a Timbo, aka yi jinyarsa har ya warke. Suka gane juna. Koks ya nemi ya fanshe shi, Fosta ya ƙi sayarwa, don ya san bawan da ya riƙe masa gandu. Haka likitan ya yi ta nema har ya mutu a 1816 bai samu ba.

Abin da kuɗi suka kasa, alƙalami ya yi. Cikin 1826 Abdurrahmani ya rubuta takarda da Larabci, wani mai buga jarida a Nacez ya aika da ita Washinton. Hukumar Amurka ta zaci shi mutumin Maroko ne, ta miƙa takardar ga wakilinta a can. Da Sarkin Maroko ya gani, ya nemi a saki wannan Musulmi. Shugaba Jon Kwinsi Adams da sakatarensa Henri Kile suka shiga maganar, Fosta ya yarda bisa sharaɗin cewa sai ya bar ƙasar. An rubuta takardar sakinsa ran 22 ga Fabrairu, 1828. Mutanen gari suka tara dala 200 aka fanshi matarsa.

Saura 'ya'ya da jikoki. Tsohon nan ya bi biranen arewacin Amurka yana roƙon kuɗin fansarsu, ya kuwa gana da shugaban ƙasa. Wasu suka nemi ya rubuta musu addu'ar Kirista da Larabci, ya rubuta musu Fatiha, ana nan da rubutun har yau. Kuɗin ba su isa ba. Farkon 1829 ya shiga jirgi da matarsa zuwa Laberiya, yana fatan daga nan ya isa Timbo. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Monrobiya ran 6 ga Yuli, 1829, yana da shekara 67, bai sake ganin gida ba. Allah ya jiƙansa.

Cikin shekarar nan Fosta ma ya mutu, aka raba gadonsa. A takardun rabon aka jera sunayen 'ya'yan Abdurrahmani da jikokinsa cikin dukiya, kowane magaji ya ja rabonsa. Da kuɗin da ya tara aka fanshi mutum 8, 'ya'yansa maza biyu da iyalinsu, suka isa Laberiya a 1830. Sauran suka wanzu a bauta.

Shekaru suka shuɗe. Cikin 1968 wani ɗalibin tarihi mai suna Teri Alfod ya tarar da takardar sakinsa a ɗakin ajiyar kotun Nacez. Ya bi sawu daga takardar ciniki zuwa ta gado, zuwa wasiƙun hukuma da tsofaffin jaridu, har ya fitar da littafin rayuwarsa a 1977. Da irin waɗannan takardu zuriyarsa ta Amurka da ta Laberiya suka gano juna. Masu rubutun sun rubuta ne don tsare dukiyarsu, sai ga shi rubutun ya zama shaida a kansu, ya kuma zama asali ga jikokin bawan.

Saboda haka, malam mai tsohuwar takardar gado cikin gafaka, da falke mai littafin bashin kakansa, kada ku bar wa gara. Ku kwafe, ku adana, ku karanta wa yara, domin wata rana wani zai zo neman kakansa a ciki. Allah ya sa mu cika da imani, amin.