Mu Tuna Da Audu Bako, Gwamnan Manoma

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tuna wa 'yan'uwana manoma da marigayi Alhaji Audu Bako.

An haife shi a Kaduna a 1924, ya yi aikin ɗan sanda har ya kai kwamishina. Shi ne gwamnan Jihar Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975. Ya gina dam ɗin Bagauda, sannan na Tiga, wanda aka gama a 1974 bayan farin nan na 1973. Ruwan Tiga ne ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Tumatir da albasar da muke sarowa da rani, wallahi albarkacinsa ne. Da ya sauka ma, noma ya koma har rasuwarsa a 1980.

To jama'a, shi dai ya yi nasa. Magudanan da yashi da kacala ke toshewa, wa zai yashe su? Ina roƙon hukuma da ƙungiyoyin manoma su haɗa kai, kada mai gonar ƙarshe ya rasa ruwa.

Allah Ya jiƙansa, amin.

Naku,
Wani manomi,
Unguwar Zaitawa, Birnin Kano.