Kal Liniyas, Mutumin da Ya Raɗa wa Wuri Suna

Kafin zuwan kwabo da sule, da wuri kakanninmu suke ciniki a kasuwar Jega. Wuri ƙwanson wata 'yar dabbar teku ce, dangin dodon koɗi. Yau ga tarihin wanda ya ba shi sunansa na kimiyya.

An haifi Kal Liniyas a ƙasar Suwidin a shekarar 1707. Mahaifinsa limamin coci ne mai son lambu, kuma iyayensa sun so ya gaji wannan aiki. Amma yaron ya fi son yawo yana duba tsirrai. Malamansa suka ce ba zai yi nisa a karatu ba. Sai wani likita mai suna Rotman ya lura da basirarsa, ya ɗauke shi yana koyar da shi.

Daga baya ya shiga jami'ar Ufsala, ya kuma sami shaidar likita a Holan a 1735. A 1741 ya zama farfesa a Ufsala.

A lokacin, halitta ɗaya takan sami dogayen sunaye barkatai, masana suna ta ruɗewa. Liniyas ya tsayar da tsarin suna biyu: na farko sunan dangi, na biyu sunan jinsi. Ya yi nazarin ƙwanson teku masu yawa, har da waɗanda sarauniyar ƙasarsu ta tara. Yakan duba ko ƙwanso guda ne ko murfi biyu gare shi, ko a murɗe yake, da kuma yanayin bakinsa.

A 1758 ya raba wurin ciniki gida biyu. Ɗaya ya kira shi Cypraea moneta, domin moneta na nufin kuɗi a harshen Latin. An fi samo shi daga tsibiran Maldibs a Tekun Indiya. Ɗayan kuwa Cypraea annulus, wato mai zobe, saboda da'irar ruwan ɗorawa da ke bayansa. Duk wanda ya ga wuri a kayan kakarsa, ya juya bayansa ya duba.

Liniyas ya rasu a 1778, amma har yau da tsarinsa muke karanta sunayen halittu a aji. Da likitan nan bai tsaya masa ba, da wataƙila ba mu san shi ba. Malamanmu, don Allah a dubi ɗalibin da ke bayan aji. Mu kuma ɗalibai, kada maki ɗaya ya kashe mana gwiwa.