Jon Makadam, Mai Gyaran Hanya

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa da damina ya san yadda taɓo yake riƙe mota a hanyar karkara, har fasinjoji su sauko su yi ta turi. To, haka keken doki yake kafewa a hanyoyin Ingila shekaru 200 da suka wuce, kafin wani mutum mai suna Jon Makadam ya samo maganin abin.

An haifi Makadam a shekarar 1756 a garin Ayr, cikin ƙasar Sikotlan. Da mahaifinsa ya rasu a 1770, sai aka kai shi Amurka wurin ƙanin mahaifinsa, wani ɗan kasuwa a birnin Niyok. Can ya koyi ciniki, ya yi arziki. A 1783 ya komo gida, aka sa shi cikin masu lura da hanyoyin yankinsu. Abin da ya gani ya dame shi ƙwarai. Ya yi ta yawo da kuɗin aljihunsa yana duba hanyoyi, yana neman dalilin lalacewarsu.

A zamanin nan masana sun ɗauka hanya ba ta ƙarko sai an shimfiɗa manyan duwatsu a ƙarƙashinta. Makadam bai yarda ba. A ganinsa ƙasar wurin ita ke ɗaukar nauyi, muddin tana bushe. Ashe ruwa shi ne babban abokin gaban hanya.

Ga yadda dabararsa take. A ɗaga hanya ta fi gefenta tudu, a yi mata ɗan doro a tsakiya, a haƙa lambatu hagu da dama don ruwa ya wuce. Sa'an nan a zuba fasasshen dutse mai kaurin inci 10, kada kowane gutsure ya wuce nauyin oza 6. Ya ƙi mulmulalliyar tsakuwa, domin zamewa take yi. Ya fi son mai kaifi-kaifi, wadda in ƙafar keke ta danne ta sai ta cije juna ta zama kamar daɓe. Ya kuma hana a gauraya ta da yumɓu, don yumɓu yana shan ruwa. An ce ma'aikatansa da baki suke awo: dutsen da ya ƙi shiga baki, sai a sake fasa shi.

A 1816 aka danƙa masa hanyoyin Biristol, ya gwada dabarar, ta yi kyau, ga kuma arha. Nan da nan ta bazu cikin Turai har Amurka. An yi masa tayin sarautar girmamawa, ya ƙi karɓa, aka ba ɗansa. Ya mutu a Moffat a 1836, yana da shekara 80. Shi dai bai shafa wa hanyarsa kwalta ba, sai a 1902 wani Bature, Edgar Hooley, ya yi rajistar dabarar haɗa ta da kwalta.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu hanyar burji ce take kai mu gida. In za a gyara ta garinku, ku tuna wa dattawa su fara tambayar inda ruwa zai bi, kafin su tambayi kuɗin marmara. Rigakafi ya fi magani.