Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da ya mayar da ƙauye asibiti

Kafin a sami 'yancin kai, wanda duk hankalinsa ya taɓu a Najeriya yana tsakanin abu biyu ne: ko danginsa su kai shi wurin mai maganin gargajiya, ko hukuma ta kulle shi a gidan mahaukata na Yaba ko na Kalaba, ko ma a kurkuku tare da masu laifi. Waɗannan gidaje na tsarewa ne, magani kaɗan ne a cikinsu. Mutumin da ya sauya wannan hali, har duniya ta zo koyo a wurinsa, shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa.

An haife shi a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar maza ta Baptist da ke garin, sannan ya tafi Ingila ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya gama a 1948. A 1952 ya shiga cibiyar nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa ta asibitin Maudsley a Landan. A wannan zamani akwai likitocin mulkin mallaka, irin su J. C. Carothers da ya yi aiki a Kenya, masu yaɗa ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba. Lambo ya yi musu raddi a rubuce, ya nuna cewa cutar ɗaya ce ga ɗan Adam ko'ina yake, sai dai al'ada ce ke sauya yadda take bayyana da yadda mutane ke fassara ta.

A 1954 ya dawo gida, aka ba shi ragamar sabon asibitin Aro da ke gefen Abeokuta. Ya tarar ginin bai kammala ba, ma'aikata ƙalilan ne, jama'a kuma na gudun wurin, domin a ganinsu wanda aka kai can ya rabu da danginsa ke nan. Bai zauna jiran gini ba. Ya nufi dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya nemi su karɓi marasa lafiya haya a gidajensu. Mutanen sun ji tsoro da farko, amma bayan doguwar tattaunawa suka amince, shirin ya fara aiki a wannan shekara.

Sharaɗin karɓar majinyaci shi ne ya zo da ɗan'uwansa na jini, wanda sau da yawa uwa ce, ko 'yar'uwa, ko gwaggo. Ita ke dafa masa abincin da ya saba, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a yi masa magani, da yamma su koma masauki. An ajiye ma'aikatan jinya a cikin ƙauyukan dare da rana. Aikinsu ya wuce raba ƙwayoyi: su ke sauraron damuwar majinyaci, su kwantar wa danginsa da hankali, su koya musu alamomin tashin ciwo, su kuma sasanta idan aka sami saɓani da mai gida. Su ma mutanen ƙauye sun amfana, domin ban da kuɗin haya, asibiti ya ba su rance su ƙara ɗakuna, ya kawo musu ruwan famfo, aka riƙa zama da dattawansu a kai a kai don jin koke. A haka ƙauyukan suka iya ɗaukar marasa lafiya ɗari biyu zuwa ɗari uku a lokaci guda.

Hikimar da ke cikin wannan tsari a fili take. Wanda aka kulle shekara da shekaru yakan manta yadda ake zama da mutane, idan aka sallame shi kuma sai ya tarar gida ya saba da rashinsa. A ƙauyen Aro kuwa majinyaci yana zuwa kasuwa, yana gaisawa da maƙwabta, yana taɓa aikin hannu. Ɗan'uwan da ya yi jinyarsa ya ga sauƙin da idonsa, don haka shi ne zai zame masa shaida da garkuwa idan sun koma garinsu. Lambo ya lura cewa masu jinya a ƙauye sun fi saurin samun sallama, ga kuma rangwamen kuɗi. Ya jawo wasu masu maganin gargajiya da ya tantance suka yi aiki ƙarƙashin kulawarsa, saboda ya san su ne jama'a ke fara kai wa kuka. Wannan mataki ya jawo masa suka daga wasu abokan aikinsa. Tsarin kuma yana da iyaka, domin wanda ciwonsa ya yi tsanani har yana iya cutar da kansa ko waninsa dole a kwantar da shi a asibiti.

Sunan Aro ya bazu. A 1961 Lambo ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Ya yi bincike tare da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka kan yawan waɗannan cututtuka a tsakanin Yarabawa, aka buga sakamakon a 1963. A shekarar ce ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, daga 1968 zuwa 1971 kuma ya shugabanci jami'ar. Daga nan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, inda ya kai matsayin Mataimakin Babban Darakta, ya riƙe har 1988. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, yana da shekara 80.

Tambayar da Lambo ya amsa a Aro tana nan a gaban Arewa a yau. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida a daji. A Faskari da Sabuwa ma an yi shekaru ana kai hari, ana sace mutane, ana tashin ƙauyuka. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa yakan dawo da ciwon da ba a gani: rashin barci, firgita, yawan shiru, saurin fushi. Matar da ta sayar da komai don biyan kuɗin fansa, da yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, su ma majinyata ne ko da ba wanda ya rubuta sunansu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware sun yi wa talakan waɗannan yankuna nisa, kunyar a kira mutum mahaukaci kuma ta fi nisan hanya hana shi zuwa.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ita kaɗai ba ta jinya. Abin da Lambo ya gina shirinsa a kai, wato ma'aikacin jinya mai sauraro, da ɗan'uwa mai haƙuri, da mai gari mai buɗe ƙofa, duk akwai su a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Abin da ya rage shi ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon zuciya kamar yadda suke gane zazzaɓi, a tanadar musu magani, a kuma ɗauki iyalin majinyaci a matsayin abokan aiki, yadda aka yi a Aro sama da shekara 70 da suka wuce.