Thomas Bowen, Ɗan Mishan Ɗin Da Ya Nufo Arewa Ya Tsaya A Ilori

Lokacin da muke yara a Kazaure, duk Kiristan da muka gani, ko Bamaguje ne daga ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko Bayarabe ɗan kasuwa, suna ɗaya muke kiransa da shi: ɗan mishan. Sai da nazarin harsuna ya haɗa ni da tarihin wani Ba'amurke, Thomas Jefferson Bowen, sannan na gane cewa su ma suna da ɗariƙu da saɓani irin namu.

An haifi Bowen a jihar Jojiya ta Amurka a 1814. Ya fara da aikin soja, daga bisani ya zama mai wa'azi a ɗariƙar Baftis. Ya sauka Badagry a watan Agusta na 1850, inda ya tarar 'yan Metodis sun riga shi, domin Thomas Birch Freeman ya kafa musu tasha a can tun 1842.

Me ya sa bai shige cikinsu ya huta ba? Dalili shi ne aƙida. 'Yan Metodis, mabiya John Wesley na Ingila, suna yi wa jarirai baftisma, kuma yayyafa ruwa ya wadatar a wurinsu. 'Yan Baftis kuwa sun ce sai wanda ya yi hankali ya furta imani da bakinsa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa ɗungurungum. A wajen shugabanci, 'yan Metodis suna da babban taro mai tura limami inda ya ga dama, alhali kowace majami'ar Baftis ita ke zaɓen limaminta. Wesley ya koyar da cewa mai imani na iya zamewa ya rasa ceto. Akasarin 'yan Baftis ba su yarda da haka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kalma guda ta raba su. A 1837 'yan Baftis na Amurka suka kafa tasu ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki, saboda sun nace a fassara kalmar Girkanci ta baftisma da ma'anar nitsarwa, sauran kuwa suna so a are ta yadda take. Aron ne ya zauna a Hausa har yau.

Burin Bowen shi ne ya kutso cikin ƙasa zuwa ga al'ummun Musulmi, amma yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa suka tsare shi a Abeokuta, inda ya yi amfani da saninsa na soja wajen kare garin daga harin Dahomey a 1851. Daga nan ya zauna a Ijaye, sannan Ogbomoso. A 1855 ya ziyarci Ilori, aka karɓe shi a matsayin baƙo, amma Sarki Shitta bai ba shi izinin zama ba. Iyakar tafiyarsa arewa ke nan.

Ya koma gida a 1856 da rashin lafiya. A 1858 aka buga littafinsa na nahawu da ƙamus na Yarabanci. Ya gwada aiki a Burazil bai daɗe ba, ciwon taɓin hankali ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1875. Waɗanda ya musanya wa addini da hannunsa ba su da yawa, amma aikinsa na harshe ya rayu, kuma jami'ar 'yan Baftis da ke Iwo sunansa take ɗauke da shi.

Ba yabon manufarsa nake yi ba. Ƙungiyar da ta turo shi ma a 1845 ta ɓalle daga 'yan'uwanta kan kare masu riƙe bayi. Sai dai ya zauna ya koyi harshen mutanen da ya zo wa. Mu fa? Muna jin zafi idan jaridun kudu suka kasa bambance Tijjaniyya da Ƙadiriyya da Izala, alhali mu ma kuɗin goro muke yi wa maƙwabtanmu. Ranar da rikici ya tashi, wannan kuɗin goron ne ke sa a kama wani da laifin wani. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.