Babban Gwani: Maginin da ya haɗa laka da giginya ya gina masallacin Zariya

Da la'asar ɗin ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin birnin Zariya ya rufta kan masu sallah, inda aƙalla mutane 7 suka riga mu gidan gaskiya. A watan Satumban 2024 kuma, mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. A jihar Maradi ma, daga Agiye da Gazawa har Gidan Rumji, kusan kowace damina sai an ƙirga gidajen ƙasa da suka zube.

Irin waɗannan labarai kan sa matashi ya yanke wa ginin ƙasa hukunci, musamman wanda ke ci-rani yana tara kuɗin yi wa iyaye gida. Amma kafin a kai ga haka, yana da kyau a san mutumin da ya ɗora harsashin masallacin Zariya kusan shekaru 190 da suka wuce, da irin sanin da ya yi wa kayan aikinsa.

Wane ne shi?

Sunansa Muhammadu Durugu, ana kuma kiran sa Malam Mika'ilu, amma laƙabin Babban Gwani ya danne sunayen biyu. Ya rayu a ƙarni na 19, zamanin da Daular Sakkwato ke kafuwa kuma sababbin sarakuna ke neman fadoji da masallatan Juma'a da suka dace da matsayinsu. Tarihin baka na zuriyarsa yana danganta laƙabin nasa da shugabannin Sakkwato, wato su ne suka shaida cewa babu maginin da ya kai shi.

A lokacin gini sana'ar gado ce. Yaro kan fara da kwaɓa da jifan tubali ga na saman katanga, sannan ya koyi jera shi, sai bayan shekaru masu yawa a bar shi ya taɓa rufi. Gwani shi ne wanda ya kai ga ɗaura baka da tulluwa. Irin wannan magini ba ya zana taswira a takarda: a ƙasa yake shata gini, ya auna da taku da kamu da igiya, sauran lissafin yana cikin kansa.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa ya zo ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, sarki na uku bayan jihadi kuma na farko daga gidan Katsinawa. Shekarun nan ne kuma Gobirawa suka kafa Tibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji, kusa da Maradin da Katsinawa suka koma. Siyasa ta raba garuruwan nan gida biyu, amma ilimin tubali da azara iri ɗaya ne a ko'ina.

Masallacin da ya gina ya ƙunshi babban ɗakin sallah, da ɗakin shari'a, da zaurukan shiga masu wuraren alwala, duk a cikin katanga ɗaya. A ciki, manyan ginshiƙai masu zane mai tudu ne ke tashi su rikiɗe su zama baka, bakan kuma su ɗauki tulluwa. Riwayoyi sun ce ma'aikata kan haɗa masa kaya da rana, shi kuwa ya yi muhimmin aikin da dare, abin da ya sa mutane suka riƙa ɗaukar gwanintarsa a matsayin baiwa ta daban.

Sirrin yana cikin kayan aiki

Abu na farko shi ne ƙasa. Magini ba ya ɗibar kowace iri. Yana neman jar ƙasa mai danƙo da ɗan tsakuwa, domin wadda yumɓu ya yi mata yawa tana tsagewa idan ta bushe, wadda yashi ya yi mata yawa kuma tana marmashewa. Ana jiƙa ta, a tattake, a zuba yankakkiyar ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa kafin a sake tattakewa. Ciyawar ce ke hana tsagewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi kansa na kallon sama, a cike tsakani da laka. Katanga kan fara da kauri a ƙasa ta riƙa sirancewa yayin da take tashi, don nauyi ya zauna a gindi.

Laka na da hali guda da kowane magini ya sani: tana jure danniya daga sama, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa. Shi ya sa ba za a iya shimfiɗa ta ita kaɗai a kan sarari ba. A nan azara ke shigowa, wato gangar giginya da aka tsaga gida-gida. An fi son namijin giginya saboda tauri. Zarenta na tafiya a tsaye, tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma ita ma tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, tazarar da za ta iya ɗauka ba ta wuce kimanin mita 2 ba.

To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki ɗaruruwan masallata da itacen da bai wuce wannan ba? Amsar ita ce bakan gizo. Magini kan binne azara cikin katanga ta ɗan leƙo ciki, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, ya lulluɓe da laka, ya jira ta bushe, sannan ya ƙara wani hawa. Haka ake yi daga ɓangarori biyu har ƙafafun su haɗu a tsakiya. Idan baka biyu ko fiye suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga, kuma ƙananan guraben da suka rage tsakaninsu azara za ta iya rufe su. Laka na ɗaukar danniya, azara na ɗaukar ja. Wannan ita ce hikimar da ke cikin kankare mai rodi, wanda Bafaranshe Joseph Monier ya yi wa rajista a 1867, shekaru kusan 30 bayan aikin Zariya.

Saura kariya daga ruwa, babban abokin gabar ginin ƙasa. Maganinsa daga wasu sana'o'i yake fitowa. Makuba ana samun ta daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a yi yaɓe da ita. Katsi kuwa dattin da ke kwantawa ne a gindin rijiyar marina, a ƙona shi a daka. Idan aka haɗa katsi da gashin awaki daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, sai a sami laso, wanda ake shafe rufi da shi ruwa ya zame ya bi indararo. Ke nan abin da marini da majemi suka zubar shi ne simintin magini.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Ana danganta wasu gine-gine a wajen Zazzau da shi, cikinsu har da wani ɗaki a fadar Bauchi da kuma Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda aka gina wajajen 1860 kuma aka sanya cikin kayan tarihin Najeriya a 1956. Riwayar da ta fi yaɗuwa game da rasuwarsa ta ce bayan ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa an kashe shi don kada ya je wani wuri ya gina wanda ya fi shi. Zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sarautar magina a Zazzau, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birnin Zariya.

A shekarun 1960, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi daki-daki. A shekarun 1970 aka rushe wani ɓangare, aka gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Da ma'aunin Dmochowski aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ilimin bai mutu ba, kuma a Nijar ya sake samun ɗaukaka. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da laka da itace, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 2018 Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala ginin Hikma a Dandaji da bulon ƙasa da aka matse da inji. A 2022 Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar ƙasa ta ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu tsara gine-gine ta duniya.

Darasin ga mai shirin gini a Agiye ko Gazawa a fili yake. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali ta sake shi da dare, shi ya sa ɗakin soro ke da sanyi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 kuma ɗakin kwano ke zama kamar tanda. Amma tana da sharuɗɗa: tushe mai tsayi a wurin da ruwa ba ya kwanciya, indararo a buɗe, yaɓe kafin damina, da gaggawar duba duk tsagar da ta bayyana. Shafa siminti kai-tsaye kan katangar ƙasa kan riƙe danshi a ciki, daga baya ya ɓanɓare da ƙasar. Itacen rufi ma sai an tanada, domin goribar Gulbin Kaba da giginya ba sa girma cikin shekara ɗaya ko biyu.

Babban Gwani ya san abin da kowane kaya zai iya ɗauka da inda ƙarfinsa ya ƙare. Duk wanda zai aiko da kuɗin gini gida, ko da laka za a yi ko da siminti, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi wa magininsa.