Stephen Kleene: Masanin lissafin da tauraronsa ke aiki a cikin wayarka

Ɗan kasuwar Illela ya san lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, ta Nijar kuwa 8. Ka tsallake ɗaya, manhajar banki ba za ta ɗaga maka ƙafa ba. Sau da yawa, dabarar da ke wannan tantancewa daga aikin Stephen Kleene ta samo asali.

An haife shi a Hartford ta Amurka ranar 5 ga Janairu, 1909. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1934 a hannun Alonzo Church, sannan ya shafe mafi yawan shekarunsa yana koyarwa a Jami'ar Wisconsin.

A 1951 ya yi nazarin wata na'ura ta kan takarda mai ƙayyadaddun matakai, wadda ke karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ta karɓa ko ta ƙi. Ya nuna cewa duk tsarin da za ta iya ganewa ana iya rubuta shi da ƙa'idoji uku kacal: jerawa, zaɓi da maimaitawa. Alamar maimaitawar, wato *, ita ake kira tauraron Kleene.

Ƙaramar alama ce, amma akwai tsada. Na'ura mai matakai 10, idan aka ɗora mata tauraron, tana iya buƙatar matakai har 768. Masana uku, Yu da Zhuang da Salomaa, sun wallafa hujjar wannan lissafi a 1994. A shekarar ce Kleene ya mutu a Madison, ranar 25 ga Janairu, yana da shekara 85.